Babi na Biyar: Wa Ya Gaya wa Rediyo?

Wa ya gaya wa rediyo? Tambayar da ake yi ke nan a majalisa, a Makoɗa ko Tsanyawa ko Kunchi, duk ranar da sunan garin ya fito a labaran yamma. Gobara ta ci rumbuna da hantsi, kafin magariba an ji a Kano, har da yawan dammunan da suka ƙone da sunan mai unguwa. Wani ya ce ai ɗan gidan Liman ne, wannan mai yawo da waya. Wani ya ce a'a, jami'in yaɗa labarai na sakatariya ne. Daga nan sai wani dattijo ya jefo tambayar da ta fi ta farko nauyi: shi yaron nan, a ina ya koyo, kuma wa yake biyansa?

Gajeriyar amsa ita ce, wanda ya san ƙauyen yawanci ba a biyansa, wanda ake biya kuwa yawanci bai san ƙauyen ba. Yadda aka yi hakan ta kasance shi ne abin da za mu bi daki-daki.

Ƙasa mai mutane, mai labari

Wanda ya bi hanyar Daura daga Kano, ko ya bi ta Katsina ya ratsa Dawanau ya nufi Bichi, zai lura babu daji. Gona tana ƙarewa wata ta ɗauka, ga kuka da ɗorawa da gawo tsaye a tsakiyar gero, iyakar gona kuwa sai ɗan layin gamba ko jema. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin kewayen Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa a nan ba a barin gona ta huta. Kowace damina ana nomanta, taki ne yake riƙe da ita, na dabbobin gida da na jujin birni da ake ɗebowa. Mutane ɗaruruwa ne suke zaune a kowane murabba'in kilomita.

Inda mutane suka yi yawa ƙasa ta yi kaɗan, magana ba ta yankewa. Ga rabon gado da ke mayar da gona guda gayauna goma. Ga burtalin da aka nome, makiyayi ya rasa ta inda zai bi da shanu. Ruwan dam ɗin Watari a Ɓagwai da na Tomas a ƙasar Ɗambatta, wa aka sakar wa a noman rani, wa aka bari yana kallon tumatirinsa yana yaushi? Takin gwamnati da aka ce an raba, buhu nawa ya iso mazaɓa? Farashin wake da riɗi a Dawanau kuwa, in ya motsa sai an ji a jika har Maraɗi da Damagaram.

To amma na'urar ɗaukar magana a birni take kwana. Tun da Freedom Radio ta fara aiki a watan Disamba na 2003, tashoshi suka yi ta ƙaruwa a Kano har suka haura 20, kuma kusan dukkansu a cikin birni da kewayensa suke. Jihar tana da ƙananan hukumomi 44, takwas ne ake lissafawa na birni. Mutanen sauran 36 ɗin su ne suke rataye rediyo a reshen bishiya suna noma. Suna jin kowa, ba safai ake jinsu ba.

Malaman makaranta ne suka share hanya

Aikin jarida a ƙasar Hausa bai fara da waɗanda suka karanci aikin jarida ba, don babu inda ake karantar da shi a lokacin. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina aka ɗauko shi, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa daga Zariya a watan Janairu na 1939. Bello Dandago da Isa Kaita, su ma malaman makaranta, an kai su Akara ta ƙasar Gana lokacin Yaƙin Duniya na Biyu suna karanta labarai da Hausa a rediyo. Sunan Dandago ne aka sa wa ginin Gidan Rediyon Kano. Labarin ƙauye kuwa a wancan zamani yawanci ta wasiƙa yake isa Zariya, daga malamin elementare, ko malamin asibiti, ko magatakardan hakimi. Ka ga tun daga tushe, mai kawo labarin karkara yana da wani aikin da yake ci da shi, kuma yana da ubangidan da ba zai so ya ɓata wa ba. Magatakardan hakimi zai ba ka labarin gasar noma da zuwan Razdan. Ba zai ba ka labarin yadda aka karɓi haraji ba.

Ƙasar nan ta arewacin Kano ta haifi ɗaya daga cikin manyan 'yan jaridar Arewa. Marigayi Magaji Ɗambatta, haifaffen Ɗambatta a 1931, yana cikin matasa takwas da suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, bai cika shekara 20 ba. Ya fara aikin jarida yana saurayi a jaridar Comet a Kano, ya yi aiki da Nigerian Citizen ta kamfanin Gaskiya a Zariya, ya shiga sashen yaɗa labarai na gwamnatin Jihar Arewa, daga baya har ya shugabanci hukumar gudanarwar Daily Times ta Legas. Tarihi ne na alfahari. Amma a dubi inda hanyar ta nufa: Ɗambatta, Kano, Zariya, Kaduna, Legas. Duk ci gaban da ya samu a aikin, ƙara nisa ne da gida. Ba laifinsa ba ne, haka aikin yake tun asali, kuma har yau bai sauya ba. Ka saurari manyan tashoshi, za ka ji Minjibir, ka ji Getso, ka ji Malumfashi a ƙarshen sunayen ma'aikata. Garuruwan sun ba da 'ya'yansu, sai dai 'ya'yan suna ba da labarin Abuja ne.

Ta ina ake shiga yau?

Ƙofar da kowa ya sani ita ce ta makaranta. Jami'ar Bayero tana koyar da aikin jarida tun ƙarshen shekarun 1970, har tana da tashar rediyonta da ɗalibai suke gwada hannu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano ma tana ba da difiloma. Ɗan manomi daga Gabasawa ko Shanono da ya samu shiga, sai an sayar da akuya ko buhun gyaɗa kafin a haɗa kuɗin rajista, ya kuma nemi ɗan uwa a Kurna ko Rijiyar Lemo ya raɓa. A tsakiyar karatu za a tura shi wata tasha don sanin makamar aiki, kuma da yawa daga nan suke maƙalewa.

Akwai wani abin mamaki a wannan ƙofa. Da Turanci ake karantar da su, da Turanci suke rubuta jarrabawa, amma ranar da suka shiga ɗakin labarai a Kano, aikin farko da za a miƙa musu shi ne takardar sanarwar gwamnati, a ce su mayar da ita Hausa kafin ƙarfe ɗaya. Nan ne ɗan ƙauye yake fin ɗan birni. Shi ya tashi yana jin Hausar tsofaffi, ya san bambancin huɗa da firi da maimai, ya san tiya nawa ce a buhu, ba sai ya tambayi kowa me ake nufi da jinginar gona ba. Saboda haka ne za ka tarar da waɗanda suka karanci Hausa, ko masu takardar malanta irin ta Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, sun cika ɗakunan labarai, suna gyara wa masu digirin aikin jarida fassara. Tsohuwar hanyar su Imam ba ta rufe ba. Malamin firamare da ke koyarwa da safe, ya turo rahoto da yamma, har gobe yana cikin wakilan karkara.

Ƙofa ta biyu babu takarda a cikinta, kuma ni a ganina ita ta fi fitar da masu son aikin tsakani da Allah. Yaro ne da ya tashi da rediyo a kunne. Ya fara da aika gaisuwa a zaɓi-sonka, ya shiga ƙungiyar masu sauraro ta garinsu, ya zama mai yawan bugo waya a shirye-shiryen kai tsaye har mai gabatarwa ya haddace muryarsa. Wata rana gada ta karye a yankinsu, mai gabatarwa ya tuna da shi ya kira: kana kusa? Je ka gano mana. Ya je, ya tsaya a bakin ruwa ya faɗi abin da ya gani. Washegari duk garin ana nuna shi. Babu wanda ya ba shi takardar ɗaukar aiki, babu wanda ya ce masa ya daina. Shekara biyar sai ka tarar yana nan, ana kiransa wakilinmu a iska, a ofis kuwa babu sunansa a takardar albashi.

Sai jami'in yaɗa labarai na ƙaramar hukuma, wanda Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta jiha take turawa kowace sakatariya. Shi kam yana da albashi, kuma shi ne mafi daɗewar hanyar da labarin karkara yake bi zuwa kafafen gwamnati. Sai dai ma'aikacin gwamnati ne, a ofishin ciyaman yake zama. Rahotonsa yakan fara da wane ya yi kira, ya ƙare da wane ya yaba.

Wayar hannu, da ta shigo Nijeriya a 2001, sannan ta koma mai kyamara da intanet, ta buɗe ƙofa mafi faɗi. Yanzu kusan kowace ƙaramar hukuma tana da samarin da suka buɗe shafi a Facebook da sunan garinsu, suna sa hoton hatsarin mota da sanarwar rasuwa da cigiyar yaro. Wasunsu sun fi rediyo sauri. Amma da yawa ba sa shekara biyu sai wani ɗan siyasa ya ɗauke su cikin 'yan midiyarsa, yana sa musu data, su kuma suna wanke shi suna zagin abokin hamayya. Mutanen gari sukan haɗa su duka su kira su 'yan jarida, abin da yake ƙona wa masu aikin gaskiya rai.

Shekarar farko

Sabon ɗan rahoto bai da bambanci da yaron da aka kai shagon tela. Zai fara da shara da aike da sa maɓalli, ba albashi sai ɗan na abinci in maigida ya ga dama, kuma babu ranar yaye sai ranar da aka ce ya iya. Bambancin kawai, yaron tela yana gamawa ya nemi keke ya buɗe nasa shagon a bakin kasuwar garinsu. Ɗan rahoto yana gamawa abin da yake hannunsa katin shaida ne.

Abin da ake fara tura shi ɗaukowa shi ne wanda manya suka raina: farashin kaya a kasuwa, ra'ayoyin jama'a, ƙananan shari'u a kotu. Mu ɗauki na kasuwa mu duba da kyau, don a nan ake gane wanda zai yi aikin.

A ce ranar Lahadi ce, kasuwar Ɗambatta tana ci, edita ya ce a kawo masa farashin hatsi da na dabbobi. Wanda bai san kasuwa ba zai tsaya a rumfar farko, ya tambayi mai awo nawa ne kwanon gero, ya rubuta, ya juya. Ɗan gari ya san wannan farashin baƙo ne. Zai tsaya gefe tukuna ya ji yadda wata tsohuwa take tayawa, ya ji inda aka sallama. Ya san farashin hantsi daban da na la'asar, lokacin da mai kaya yake tunanin kuɗin motar komawa da shi. In ya shiga kara, ya san dillali ba zai faɗi gaskiyar kuɗin sa a gaban mai saye ba, sai ya ja shi gefe. Kuma zai tambayi abin da edita bai ce ya tambaya ba: me ya sa awaki suka cika kasuwa yau? Sai a ce masa ai shuka ta matso, kowa yana neman kuɗin taki. To labarin ke nan, ba jerin farashi ba. Zai nemi lungu mai sauƙin hayaniya, ya sa wa wayar safa a baki don iska, ya naɗi muryar manomi guda da ta dillali guda, ya hau tudu yana neman sabis, ya tura ta WhatsApp. Da yamma ya kunna rediyo ya tara abokai. Minti ukun da ya turo an mayar da shi daƙiƙa arba'in. Wata ranar ma ba za a sa ba sam, don wani ya biya kuɗi an saka labarin buɗe ofishin jam'iyya a gurbin.

Wanda ya jure wannan na wata shida bai yi zuciya ba, to ya kama hanya.

Kuɗin mota

Nan ne maganar take da wuyar faɗa, amma kowa a cikin aikin ya san ta. Tashoshi da yawa suna ɗaukar matasa a matsayin 'yan sa-kai, wata da watanni, wani lokaci shekaru. Wasu kuma ana ce musu su nemo talla a ba su kamasho. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya ya koma naira 70,000 a 2024, amma ƙaramin ɗan rahoto da yake samun wannan cif-cif kowane wata ana ganinsa cikin masu sa'a. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023, zuwa Kunchi da dawowa daga Kano ya zama abin da sai an yi lissafi. Tasha ba za ta biya ba. To wa zai biya?

Wanda ya kira taron. Bayan an gama jawabi, sakataren watsa labarai zai zaga da takarda a rubuta suna da tasha, sannan a miƙa wa babban cikinsu ambulan, a koma gindin bishiya a raba. Ana ce masa kuɗin mota, ko na goro. Ba na cikin masu cewa duk wanda ya karɓa ya sayar da imaninsa, don na san akwai wanda in bai karɓa ba a ƙasa zai taka zuwa gida. Amma illar ba a kan mutum ɗaya take ba. Illar ita ce kuɗin motar ne yake zaɓar inda za a je. Ciyaman zai raba kekunan ɗinki, mota cike da 'yan jarida za ta taso daga birni. Rijiyar burtsatse ta lalace wata huɗu a wani ƙauye, mata suna tafiyar sa'a guda neman ruwa, babu mai zuwa, don rijiya ba ta ba da ambulan. Yaron da ya shiga aikin da niyyar faɗin kukan garinsu, kafin ya ankara ya haddace ranakun da ake taro a sakatariya.

Da ɗan gari akan ci gari

A ce wakilin ɗan garin ne, ba ya buƙatar kuɗin mota, da ƙafa ma zai isa. Shi kuma tasa matsalar daban ce.

Ya ji ƙishin-ƙishin cewa takin da aka turo mazaɓa bai kai hannun manoma ba. Ya je ƙofar dagaci, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Allah ya ja zamanin Dagaci. Ranka ya daɗe, maganar takin nan ce mutane suke yi, na ce bari in zo in ji daga bakinka."

Dagaci ya dube shi, ya dubi wayar. "Kai ba ɗan wajen Malam ba ne, na bayan masallaci? Ni na raɗa wa yayarka suna. Kashe wannan abin tukuna, ɗana, mu yi magana irin ta gida."

In ya kashe, labari ya mutu. In ya ƙi, kafin ya isa gida an riga an aika wa mahaifinsa. Wanda ya karkatar da takin wataƙila kawun matar da yake nema ne. Gonar da gidansu suke nomawa wataƙila aro ce daga wanda zai ambata. Ɗan jaridar birni yana iya fallasa mutum ya koma unguwarsu ya kwana lafiya, ba za su sake haɗuwa ba. Na ƙauye sahu ɗaya za su tsaya da asuba. Don haka abin da ya fi sani shi ne abin da ya fi kasa faɗa. Masu wayo a cikinsu sukan miƙa wa abokin aiki na birni labarin a asirce, shi ya zo a matsayin baƙo ya yi tambayar. Labari ya fita, sunan wani ya tafi da shi.

Kuma in abu ya ɓaci ba shi da mai tsaya masa. Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, tana neman takardar karatu da shaidar kafar da mutum yake yi wa aiki kafin ta yi masa rajista. Ɗan sa-kai na karkara sau da yawa ba shi da ko ɗaya. Sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 an sha amfani da shi wajen kama masu rubutu a shafukan sada zumunta, kuma ba kowa ne yake da lauyan da zai kira daga caji ofis na ƙaramar hukuma ba. Yanzu ga wani sabon tsoro a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da Katsina, inda hare-haren 'yan bindiga suka fara taɓawa: wanda ya faɗi abin da ya faru a rediyo, a garin zai kwana.

Sakamakon duk wannan shi ne karkara ba ta shiga labarai sosai sai da gawa. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin ruwa ya taso daga Badau zai tsallaka dam ɗin Watari zuwa Ɓagwai, ɗauke da mutane fiye da ƙima, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu. A kwana biyu babu kafar da ba ta ambaci Ɓagwai ba, daga Kano har Landan, gwamnati kuma ta dakatar da jigilar fasinja a ruwan. Amma ba ranar aka fara cika jirgi a wannan mashiga ba, kuma ba shi ne karo na farko da ruwan ya ci mutane a jirgi ba. Duk mai tsallakawa ya san yadda ake lodi, ya san babu rigar ruwa, ya san nisan zagaye ta hanyar mota ne yake tilasta wa mutane shiga. Wannan labari ne da ɗan rahoto mai albashi, mazaunin Ɓagwai, zai iya bibiya wata bayan wata har a gaji da shi a yi wani abu. Tasha nawa ce ta ajiye irin wannan mutum a can?

Gidan da ba a shiga

Rabin labarin ƙauye a cikin gida yake, inda aka rubuta ba shiga. Matar da ta kwana biyu tana naƙuda ba a samu motar kai ta asibiti ba, yaran da tamowa ta kama, adashen da ya rushe, masu ƙuli-ƙuli da tsadar gyaɗa ta kora daga sana'a: namiji ba zai ji waɗannan ba sai ta bakin maigida, shi kuma maigida zai ce lafiya lau. Mace 'yar rahoto kuwa sallama kawai za ta yi a shimfiɗa mata tabarma.

Kano ta san abin da mace za ta iya a aikin nan. Hajiya Bilkisu Yusuf ta zama editar Sunday Triumph a shekarun 1980, sannan ta riƙe New Nigerian a Kaduna, kafin ta rasu a turmutsitsin Mina a 2015. Yau 'yan mata sun cika azuzuwan koyon aikin jarida, muryoyinsu sun cika tashoshi. Amma kusan duk a ɗakin watsa shiri suke, a birni. Yarinyar da ta fito daga Makoɗa ta yi difiloma, da wuya iyaye su yarda ta hau acaɓa tana zaga ƙauyuka ba albashi, kuma da wuya mijin da za ta aura ya yarda. Su ma tashoshin sun fi son su ba ta shirin girke-girke.

Ina suke ƙarewa?

Bayan shekara uku zuwa biyar hanya takan rabu. Wanda muryarsa ta yi daɗi, rahotonsa ya yi tsabta, tasha za ta kira shi birni ta ba shi albashi, a tura shi majalisar dokoki ko gidan gwamnati. Daga nan idonsa yana kan manyan kafafe: Aminiya da Daily Trust, ko BBC da ta fara Hausa a 1957, ko DW, ko RFI, ko TRT Afrika da ta shigo a 2023. Guraben kaɗan ne, kuma sun ƙara raguwa da Muryar Amurka ta yi shiru a watan Maris na 2025. Wasu sukan koma ƙungiyoyin agaji su zama jami'an hulɗa da jama'a. Da yawa kuma, wataƙila mafi yawa, ɗan siyasar da suka saba ɗauko wa labari ne yake ɗaukarsu sakataren watsa labarai, su koma su ne masu zagawa da takarda ana rubuta suna. Wanda bai samu ko ɗaya ba ya koma aji da gonarsa, in an yi gobara a kira shi.

Ko ta wace hanya aka bi, gurbin da ke ƙauyen ya sake zama babu kowa, sai wani sabon yaro mai waya ya taso ya fara daga farko. Ba ƙarancin masu basira ne ya jawo haka ba. Tasha ce ba ta ga ribar ajiye ma'aikaci a Kunchi ba, alhali tana samun kuɗin siyasa da na masu maganin gargajiya ba tare da ta fita daga birni ba. Wannan ya kai mu ga masu tashoshin da masu sayen fili a cikinsu. A babi na gaba za mu duba su wane ne suka mallaki rediyoyin Kano, yadda ake sayar da minti a iska, da yadda sojojin baka na 'yan siyasa suka fi 'yan rahoto samun lokaci a tashar da manomin Tsanyawa yake saurare.